Layi Biyu a Toranke

Ko na bar aikin nan, ba zan manta da ranar da aka tura ni Toranke ba. Lokacin ina mataimakin sakataren tsare-tsare a ofishinmu na jiha. Jam'iyyarmu, kamar yadda kuka sani, ta masu ra'ayin riƙau ce. Ba ma tashi daga taro sai wani ya yi jawabi kan zumunci.

Aikin shi ne zaɓen shugaban mazaɓa. Hanya biyu muke bi. Akwai maslaha, inda dattawa ke zama su fitar da mutum ɗaya. Akwai ƙato bayan ƙato, inda kowa ke tsayawa bayan wanda yake so, a idon jama'a. A shekarar, uwar jam'iyya ta ce ba maslaha: a yi layi, a ɗauki bidiyo, a kai Kano.

Na sauka a Gaya, na hau acaɓa. Damina ta kusa, duk an share gonaki. 'Yan takara biyu ne, Alhaji Sale da Malam Bukar. Kafin a fara, wani dattijo, Baba Ilu, ya ja ni gefe.

"Yallaɓai, a yafe mana layin nan mana. Bukar surukina ne, 'yata ce a gidansa. Sale kuwa da shanunsa nake huɗa kowace shekara. Dubi gwiwar nan, ta daina garma."

"To ka koma gida, Baba."

"Sun riga sun gan ni. In na tafi, su biyun na ɓata wa."

Na kira sakatare a waya na ce, "Ranka ya daɗe, dattawa na roƙon a bar su su sasanta."

Ya ce, "Malam Habu, kai aka aika ko su? Bidiyo nake jira."

Aka ja layi biyu a filin firamare. Baba Ilu ya tsaya a tsakiya, shi kaɗai, yana gyara hula. Wani ya ɗaga murya: "Baba, ko kai ma takarar kake? Mu dawo bayanka?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba. 'Yarsa na cikin matan layin mijinta, da goyo. Kallonsa kawai take yi. Ya ja ƙafa ya nufi can. Alhaji Sale ya waiwayo sau ɗaya, ya mayar da kai.

Sale ne ya ci, da rata mai yawa. Ko da Baba Ilu ko babu, haka sakamakon zai kasance.

Na kai rahoto. Ba a jima ba wani babba ya yi ƙorafi, aka zauna a ofis, aka soke zaɓen, aka naɗa mutum na uku da sunan maslaha. Bidiyon kuwa, ban ji wanda ya buɗe shi ba.

Ni aka sake turawa in gabatar da sabon shugaban, bayan ruwa ya sauka. A bakin hanya na hangi Baba Ilu. Gonakin maƙwabta sun sha huɗa, tasa ko rabi ba ta kai ba. Yana duƙe da garmar hannu. Na tsayar da mai acaɓa muka gaisa.

"Yallaɓai, wani layin ne?"

"A'a, Baba."

"To madalla. Surukin kaɗai ya rage mini, a bar mini shi."

Abin da zan ce muku, ku da kuka shigo yanzu, kaɗan ne. A ofis, zaɓen mazaɓa aikin yini ɗaya ne, ana iya soke shi kafin shayi ya huce. Mu muna hawa mota mu dawo Kano. Su da muka jera a rana, washegari a masallaci ɗaya za su haɗu, kowa kuma ya ga inda kowa ya tsaya.