Ranar da Dankali Ya Fatattaki Mahauci

Akwai ranar da ko mantuwar tsufa ba za ta ƙwace mini ba, kuma tun yanzu in faɗa muku, wawan labarin ni ne. Ni mahauci ne ɗan mahauci a Ƙofar Marke. Bokona ya tsaya a aji uku, amma a fagen nama ni farfesa ne, kuma fatawata guda ce: abincin da babu nama, maganin asibiti ne.

Jikata ta dawo daga Sifaniya inda ta koyo girki, tana son buɗe ɗakin abinci a unguwar Gidan Dare. Ubanta ya ce sai in na ɗanɗana na amince. In na yatsine fuska, magana ta mutu.

Bayan Azahar ta dire mini faranti. Dankalin Turawa ne yankan ƙosai-ƙosai, an soya ya yi ja, an malala masa jar miya.

"Amarya, mi sunan wanga abu?"

"Fatatas birabas, Ango."

"Fatattaka? Wa za a fatattaka?"

Ashe ni.

Na kai loma ɗaya, Allahu Akbar! Bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi kamar ɓargo. Yajin bai yi mini rashin kunya ba, sai da ya yi sallama, ya zauna, sannan ya tashi tsaye. Can ƙarƙashinsa kuma ƙamshin tukuba, irin na balangun mahaifina. Sai ga ni yaro a bakin wuta, ina jiran a miƙo mini ƙashi. Wallahi idona ya kawo ruwa, na ɗora wa yaji laifi.

Na gyara hula na yanke hukunci: "Na amince, don akwai nama. Romon rago na, kuma cinya. Ba a ɓoye min nama."

Jikata ta durƙusa don dariya. "Ango, ko ƙashi bai shiga ba. Tattasai na da anka ƙyafe da hayaƙin itace, sai albasa da mai."

Ranar na san duniya ta fi tukubata faɗi, kuma harshe ma yakan yi shaidar zur. Na buɗe baki zan kare martabata, sai tsohuwar matata ta leƙo daga ɗaki:

"Malam, siɗe farantinka ka yi shiru. Ashe shekara da shekaru hayaƙi kaka saida ma mutane, ba nama ba."