Ranar da aka hana mu magana a wurin bugu

Ba na mantawa da safiyar da Rakiya, 'yar maƙwabcinmu mai aikin tafinta, ta sauka daga zemijan, wato acaɓa, a bakin rumfarmu ta ce, "Baba, Turawa na son ɗaukar ku a fim." Wani kamfanin tufafi masu tsada ne ya aiko wata mata mai shirya fim ta yi masa talla na minti uku. Ta ji ƙarar bugunmu daga titi, ta ce ita take so.

Ga wanda bai sani ba, bugun shadda aikin mutum biyu ne. A shimfiɗa yadi a kan gungume, ku zauna kuna fuskantar juna, gudumar ɗaya na sauka ta ɗaya na tashi. Ni da marigayi Yaya Mamman mun tsufa a haka.

Ran ɗauka madam mai fim ɗin ta kafa sharaɗi: kada kowa ya yi magana, ƙarar itace kaɗai take so. Muka fara bugu shiru. Ba mu yi nisa ba gudumominmu suka haɗu, ƙau! Sau huɗu ana haka. Rakiya ta matso ta ce a hankali, "In bai yiwu ba, za ta ɗauko wasu daga kasuwar Adawlato." Na dubi Yaya. Ya sa sabuwar hula, ya riga ya gaya wa duk Zongo za a ɗauke shi a fim.

Ya ce, "Gaya mata ni ban iya bugu ba sai ina zagin wannan."

Rakiya ta fassara, madam ta ce a gwada.

Ya ɗaga guduma. "Kai, malalaci, wa ya shanye mini koko?"

"Kokon da ka bari ƙuda na iyo a ciki?"

"Ƙudan ma ya fi ka zuciya!"

Hannu ya daidaita, shadda ta ɗauki ƙyalli. Madam ba ta tsayar da mu ba sai da yadin ya ƙare. Ta ce kada a fassara mata, haka ya yi.

Da fim ɗin ya fito, ga mata dogaye cikin alharini suna tafiya a bakin teku, a bayansu muryar Yaya na neman kokonsa. Har unguwar Agoè an yi ta tura wa juna ana dariya.

Ku da kuke koyo, ku riƙe wannan: da kunne ake bugu, sai ka san numfashin abokinka. Shiru bai taɓa daidaita mu ba.

Yaya ya rasu kafin fim ɗin ya fito, Allah ya jiƙansa. Fim ɗin yana cikin wayata. Nakan kalla har wurin da Yaya ya yi dariya, in kashe. Ban kai ƙarshensa ba tukuna.