Gidiyon da Muryar da Ganga ta Danne

Ranar Alhamis, 12 ga watan Yuni 2025, Allah ya karɓi ran ɗan'uwanmu Gidiyon a Dogon Dutsi, bayan gajeruwar jinya. Shi ne mai ɗan sitidiyon nan na bayan kasuwa, inda matasan majami'armu da nake koya wa waƙa suke ɗaukar waƙoƙinsu. Samarin unguwa Musulmi ma can suke zuwa, bai taɓa mayar da kowa ba.

Gidiyon, mutane da yawa sun ɗauka layin da ake kira masta a manhajar haɗa kiɗa na ƙara amo ne kawai. Kai ka nuna wa yaranmu ba haka ba ne. Ganga na da layinta, gurmi na da nasa, kowace murya na da nata, dukansu kuma cikin masta suke zuba kafin sauti ya kai kunne, kamar ƙoramu da tafki. Abin da aka yi wa masta, kowa aka yi wa.

Ba zan manta da waƙar Ista ba. Pascaline, yarinya mai siririyar murya da ta zo karatu daga Guéchémé, ita muka ba baitin farko. Da aka saurara, ba a jin ta. Landry mai ganga ya ja masta sama har alamar ƙarfin sauti ta yi ja. Sauti ya fashe, ita kuwa tana nan a danne.

Ya ce, "A cire ta, a sa wata."

Har ta miƙe za ta fita, ka ce, "Zamna, ɗiyata." Ka mayar da masta inda yake, ka sassauta ganga, ka rage muryoyin maza kaɗan. Sai ga muryarta ta fito tas.

Landry ya riƙe baki. "Ashe tana ciki!"

Ka yi dariya, ka ce, "Tun ɗazu, ƙanena. Gangarka ce ta zamna mata bisa kai."

Da a ce ta fita ranar nan, na san ba za ta sake buɗe baki a gaban jama'a ba. Yau ita ke jan ƙungiyar mawaƙanmu. Ita ta rera a bakin kabarinka, Landry na kaɗa mata a hankali. Ban taɓa alfahari da yaran nan kamar ranar ba, kuma aikinka ne.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutu na har abada. Ya ba maiɗakinka Salama da yara da dangi haƙurin rashi.

Salama ta ce ba za a rufe sitidiyon ba. Yarana, ku je ku buɗe waƙar Istan nan. Kada ku taɓa masta. Ku sassauta ganga da hannunku, ku ji wadda za ta fito.