Muryar Inna a Baƙin Allo

Shekarar da na koma garin Largo a ƙasar waje, wani dattijon likita ɗan garinmu da ke zaune a Mitchellville ya kira ni gidansa. Kawu nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya nuna mini kwali cike da kaset, saƙonnin da marigayiya mahaifiyarsa ta riƙa aiko masa daga Zariya tun yana ɗalibi. An riga an juye su a kwamfuta, amma kowanne doguwar hira ce, shi kuwa so yake ya riƙa yanko kaɗan-kaɗan yana tura wa 'ya'yansa.

Na rubuta masa 'yar manhaja da harshen kwamfuta na Python. Zai buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta sunanta, ya biyo da abu uku: sunan fayil, mintin farawa, mintin tsayawa. A hannuna lafiya lau take aiki. A hannunsa kuwa sai ta watso tarin Turanci ta tsaya cak. Yakan sa minti kafin suna. Ga shi ya raɗa wa fayilolin sunaye irin "Inna kan bikin Sallah", ita kuma da ta ga tazara sai ta ɗauki kowace kalma abu dabam.

Ya ce in bari kawai, in riƙa yanko masa idan na samu sarari. Na ƙi. Hirar uwa da ɗa ce, bai kamata sai ta bi ta kunnena ba.

Duk Asabar ina gefensa, ina kallon yatsunsa. Na daina tilasta masa jeri. Na koya wa manhajar ta tsinci lambobi da kanta, ƙaramar farawa, babbar tsayawa, sauran kalmomin ta haɗe su zama suna. Idan ya manta wani abu, ta faɗa masa da Hausa: "Kawu, ba ka sa mintin tsayawa ba." Ranar da ya fara ganin wannan ya yi dariya har da tari.

Wata la'asar ya rubuta shi kaɗai, ya danna. Muryar tsohuwa ta fito, tana tambayarsa ko ya sayi rigar sanyi. Ya cire tabarau. Can ya ce muryar ta yi ƙasa da yawa, ko akwai dabara?

Na jawo kujera. "Akwai, Kawu. Za mu ƙara wa manhajar abu na huɗu: ƙarfin murya."