Allin Baba Illo a jikin shasina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan shayi a tashar Madawa aka ce min Baba Illo mai fenti ya rasu. Jiya da la'asar, yana alwala.

Kamiyona, babbar motar da nake lodi da ita, na garejinsa kwana goma sha biyu, an sauke bodi, shasi tsirara.

Wanda ya san shi ya san halinsa. Ka kai mota a shafa maka baƙin fenti, shi kuwa ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi ƙarfe yana ƙwanƙwasawa, kunne a kusa. Sai burushin ƙarfe, sai wanki da esansi, wato fetur, sai jan antiruy ɗin nan mai hana tsatsa, ya sha rana kwana biyu kafin baƙi ya hau. Na sha tambayarsa me yake ji a cikin ƙarfe. Dariya kawai yake yi.

Ranar da na kafe a hanyar Buza, shi ya zo da babur da ruwan sha, bai karɓi ko na mai ba.

Ganinmu na ƙarshe ranar Talata, kuma ban kyauta ba. Albasar Keita ta fito, kowa na lodi, ni ina zaune. Na ce: "Baba, don Allah a shahwa hwenti hakanan, lodi na wuce ni!"

Ya ce: "Shofer, mi kaka sauri? Kanwa mai cin ƙarhe ka ɗauka bara, ko ba haka na ba? Tsatsa in ka ruhe ta, ciki taka ci."

Na tafi ko sallama ban yi ba. Har na yi magana da wani mai fenti ya zo Asabar ya fesa min.

Bayan jana'iza na biya garejin. Ashe ya bi shasin kaf da alli: wani wuri da'ira, wani wuri gicciye. Na tsaya ina ta kallo. Mene ne da'ira? Mene ne gicciye? Mai waldan da ke kusa da shi ma bai sani ba. Na ɗauki gudumar na buga kan da'ira, ƙarfe ya amsa garau. Na buga kan gicciye, daidai inda sifirin na baya yake kamawa.

Guduma ta shige ciki.

Nan ne nauyi ke zama. A kan buhunan albasa kuma mutane nake ɗauka, har da mata masu goyo, mu gangaro dutsen Keita.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ya kare ni, ni kuwa na bar shi da fushi.

Allah Ya jiƙan Baba Illo, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu. Ku roƙa min ni ma, ban samu na ba shi haƙuri ba.