Malam Sani Mada da Hayaƙin Jirginsa

Da safen nan aka bugo min waya, Malam Sani Mada ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 

A shekarun saba'in shi ne direban jirgin ƙasan da nake zuba wa kwal a layin Gusau.

Mutum ne mai faɗa kan hayaƙi. Da ya ga ya yi baƙi sai ya harare ni: "Kai Bala, wanga kwal ne ka ka aika ma sama bai ƙone ba. Baza shi kaɗan-kaɗan, bari wuta ta sha iska."

Na sha yin ƙunƙuni, amma da kwal ɗin da wasu ke ƙararwa a hanya muke zuwa mu dawo. Matan Tsafe ma ba sa kwashe shanya in jirginmu ne tafe.

Sai injin dizal ya zo, shi kuwa ba ya buƙatar mai shebur. Matata na da tsohon ciki, barci ya gagare ni, har na fara shirin komawa gona Bungudu.

Mutum ɗaya aka ce za a tura koyon sabon injin daga wajenmu, kuma Malam aka zaɓa. Ya je ofis ya ce a sa ni.

"Ni da tsohuwag ga tare mu ka ritaya," in ji shi da ya dawo, yana shafa tsohon injinmu na kwal.

Haka kuwa aka yi.

Watan jiya na je gaishe shi a Damba, na tarar da shi manne da rediyo, ana zancen ƙasashen da ke rufe tashoshin lantarki masu kwal. Na tsokane shi, na ce an kori abokinsa a duniya.

Ya yi dariya har da tari. "Su ruhe, ba laihi. Amma kahin ranar su ƙona shi da kyau, kuma kar su mance da masu shebur."

Fankar da ke kaɗa masa a ɗakin da sola take aiki. 'Yata Hauwa ce ta haɗa masa, wadda aka haifa ina wajen koyon dizal. Sana'arta ke nan yanzu, har da ma'aikata.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba zuri'arsa mai tsaya musu kamar yadda ya tsaya min. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.