Harsasan da Ban Zaɓa wa Yaya Bala Ba

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayana Bala makwancinsa a nan Suleja. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in kasa, in mayar aljihu. Bana na ce ko ta yaya sai na rubuta.

Waɗanda suka san shi a gari sun san shi ne da gyaran lagireto, a wata rumfar kwano da ke bakin titin da ya nufi Kaduna. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, ya hana ni zama a rumfa, ya tura ni makaranta, har na zama akawu a wani ofis a Abuja. Amma gyaran mota hanyar abinci ce kawai a wurinsa. Abin da ransa yake so shi ne farauta, kuma daga mahaifinmu ya gada, tare da doguwar bindiga ƙirar maƙera, irin wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki.

Yaya bai taɓa ɗura wa bindigar nan harsashin da wani ya yi ba. Da kansa yake narka dalma ya zuba, su fito dunƙule-dunƙule kamar 'ya'yan magarya. Zubawar ba ta ɗaukar masa lokaci, zaɓen ne aiki. Sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, ya ɗauko wani tsohon farantin matarsa Ladidi, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Ya juya wannan a hasken rana yana neman tsaga ko ɗan rami, ya auna nauyinsa a tafin hannu, sannan ya gangara shi a kan faranti. Wanda ya tafi miƙe ya shiga burgaminsa, wato jakar fatar da yake ratayawa. Wanda ya yi tangaɗi ya koma tukunya. Ƙanana na zabi da fakara daban suke. Manyan, na gada da na mazo, su ne yake ɓata wa yini, kuma a cikin talatin da ƙyar yake yarda da goma.

Mun sha yi masa dariya a kan haka. Abokansa mafarauta sukan ce dalma ai dalma ce, wasu ma guntayen ƙarfe suke ɗurawa su harba. Shi kuwa yakan ce harsashin da yake da kogo a ciki ba ya zuwa inda ido ya aike shi. Ka nufi bayan kafaɗa, ya je ya fasa cinya. Dabba ta gudu da rauni, ta kwana uku tana jan jiki a daji, ƙudaje na binta, ta mutu mushe ba wanda ya amfana. Wata rana da na matsa masa da tsokana ya ajiye farantin ya dube ni.

"Usman, dabbar nan ba ta yi mini laifin komai ba. In har zan ɗauki ranta, to kada ta ji abin da ya wuce na ƙiftawar ido. Za a tambaye ni."

Saboda haka ne ya ɗora wa kansa wata doka da bai taɓa karyawa ba. Idan ya raunata dabba, ba ya dawowa gida sai ya same ta ya yanka, ko da zai wuni yana bin jini.

A shekarunsa biyu na ƙarshe idonsa ya fara rauni. Bai faɗa wa kowa ba. Ladidi ce ta lura ya daina karanta saƙo a waya, sai ya miƙa wa 'ya'yansa mata. Nesa yana gani sarai, na kusa ne yake masa hazo. Na saya masa tabarau, ya sa sau biyu ya ce yana sa shi jiri. Daga nan ne ya fara kirana idan zai yi zaɓe, wai in zo mu yi hira. Ni nake dubawa a haske, shi yana aunawa a hannu. Ban taɓa nuna masa na gane dalilin kiran ba.

Ranar wata Asabar, bayan an gama girbi, ya aiko in zo. Abokinsa Ɗanladi, wani manomi Bagbagyi da ke wani ƙauye gaba da Lambata, ya aiko masa cewa an ga sawun mazo a bakin rafi. Mazo ya fi gada girma, ja ne mai zanen fari, kuma Yaya ya yi shekaru bai sa shi a ido ba. Na same shi cikin murna kamar an yi masa bushara. Muna cikin zaɓe aka zo aka ce wata motar kaya ta tafasa a bakin rumfarsa, direban yana roƙo. Yaya ya miƙe, ya bar mini farantin, ya ce in ƙarasa, ya yarda da idona.

A ranar akwai wasan ƙwallon da nake son kallo, abokaina kuma suna ta kirana a waya. Na duba biyar ko shida yadda ya kamata. Sauran na kalle su sama-sama, na ga duk kamarsu ɗaya, na kwashe na zuba a burgami na ɗaure. Na leƙa na ce wa Ladidi ta gaya masa na gama. Yau ko za a yanka ni ba zan iya tuna wanda ya ci wasan nan ba.

Abin da ya faru washegari daga bakin Ɗanladi na ji. Da hantsi suka ga mazon yana shan ruwa, kusa ƙwarai, inda Yaya bai taɓa kuskure ba. Ya harba, dabbar ta yi tsalle ta faɗi, ta sake miƙewa tana jan ƙafar baya, ta shige duwatsu. Ɗanladi ya ce masa su haƙura, wurin nan bayan an ƙone daji macizai ne a ƙarƙashin kowane dutse. Yaya ya ce shi ya jira a bakin rafi in yana so. Suka bi jini tare har azahar ta wuce. Sun sami mazon kwance a wani loko yana haki, Yaya ya durƙusa ya yanka shi da bisimilla. Yana dafa dutse zai miƙe kububuwa ta sare shi a hannu.

A kan babur Ɗanladi ya fito da shi titi. Asibitin farko babu allurar dafin maciji, aka ce a gwada wani. Kafin a samo ta an kwana biyu, hannun ya kumbura har kafaɗa, jini yana fita ta dasashinsa. An yi masa allurar, amma likita ya ja ni gefe ya ce a ci gaba da addu'a.

Rana ta uku da yamma ya farfaɗo sosai, har muka fara sa rai. Ladidi ta fita alwala, muka rage ni da shi. Na buɗe baki zan faɗa masa abin da na yi, na ce, "Yaya, harsasan nan..." Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ni.

"Idona ne, Usman. Na tsufa ban yarda ba. Ka ji ko? Idona ne."

Wallahi a lokacin sanyi na ji a raina. Na karɓi maganarsa saboda ita nake son ji. Ya tambaya ko an raba naman mazon, na ce Ɗanladi ya rabar a ƙauye. Ya ce madalla. Washegari kafin azahar ya cika.

Bayan sadakar arba'in Ɗanladi ya kawo bindigar da burgamin. Na kai su ɗakina, na jira ranar da iyalina suka fita, na zazzage harsasan a kan faranti. Bakwai suka rage. Na gangara su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya koya mini. Biyu suka yi tangaɗi. Na zauna a ƙasa ina kallonsu har aka kira sallah ban iya tashi ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma. Dajin da yake shiga ta wajen Garam yau filaye ne da aka yanka, ga tubalin siminti ko'ina, ga gidajen haya na masu aiki a Abuja. Ɗanladi ya ce rabonsa da ganin sawun mazo tun wancan. Shi kansa ya daina nisa da gona saboda masu satar mutane. Mafarautan da suka rage yanzu gadin unguwa ake kiransu. Kwanaki na ga wasu samari 'yan sintiri a bakin layinmu suna ɗura bindiga da guntayen rodi da ƙusoshi, suna raha. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne ya kai mu nan. Amma na tuna mutumin da yake ɓata yini guda don kada gada ta sha wahala, na ce da yana raye ban san ta inda zai fara magana ba. Wataƙila shiru zai yi ya wuce, don ba mai yawan wa'azi ba ne.

Shekara takwas na yi ban gaya wa kowa ba. Na aurar da 'ya'yansa biyu, ana ta yabona a dangi, ana cewa Bala ya bar ƙane na gari. Duk lokacin da aka faɗi haka sai in ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Bara, ranar da aka yi sunan jikansa na fari aka sa masa Bala, na kasa daurewa. Da mutane suka watse na sami Ladidi a tsakar gida tana haɗa kwanuka, na durƙusa na faɗa mata komai, har da maganar ƙwallon.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ajiye kwanon da ke hannunta ta zauna. Ta ce a ranar da zai tafi, da gari ya waye, ta gan shi ya zazzage burgamin a kan tabarma yana shafa harsasan da yatsu, yana kai su dab da ido. Ya fitar da waɗanda hannunsa ya iya ganewa, kusan rabi. Ta ce masa ya aika a kira ni in sake dubawa, ya ce a'a, duk mako ina fama da hanyar Abuja, a bar ni in huta. Har dariya ya yi, ya ce Usman ya yi sauri jiya. Ya kuma roƙe ta kada ta taɓa gaya mini, don kada in ji kunya.

"Ya sani, Baban Walida," in ji ta, don da sunan 'yata take kirana. "Tun kafin ya fita gidan nan ya sani, kuma bai riƙe ka ba. Ni ma na yi kukana na gama. Kwanansa ne ya ƙare."

Na zaci idan na faɗa zan ji sauƙi. Abin da na samu ya fi wancan nauyi. Ashe lokacin da yake kwance, jini na fita a bakinsa, yana sane da abin da zan ce, kuma ƙarfin da ya rage masa a kaina ya ƙarar da shi. Na yi imani da ƙaddara, na san ko da na zaɓi harsasan da kyau wa'adinsa ba zai ƙaru da daƙiƙa ɗaya ba. Amma sanin haka bai goge cewa ya ba ni amana ta rabin sa'a na kasa riƙewa ba.

Idan na duba abin da ya rage na Yaya Bala, na hannu kaɗan ne. Bindigar mun miƙa wa hukuma lokacin da aka ce a miƙa. An rushe rumfarsa da aka faɗaɗa titi. A gidan kuwa babu wanda ya gaji farauta. Abin da ya saura shi ne 'ya'ya mata uku da ba su iya ha'inci a aiki ba, da direbobi tsofaffi da har yau suke tare ni a tasha su ce tun bayansa ba su sami mai liƙi kamarsa ba, da Ɗanladi da yake kawo wa Ladidi doya kowace kaka.

Juma'ar da ta wuce na je maƙabarta. Wurin ya cika, ruwan sama ya baje ƙasar, na yi ta zagaye na kasa gane kabarinsa. Na tsaya a inda nake zato, na yi masa addu'a, na yi wa maƙwabtansa. Sannan na faɗi maganar da ya hana ni ƙarasawa a asibiti, tun daga farkonta har ƙarshe, babu mai ɗaga mini hannu.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Bala mai lagireto a addu'arsa. Allah Ya yi masa irin sauƙin da shi ma ya yi wa bayin Allah, na gida da na daji.